Tambaya da Amsa: Aiki Take Yi ko Baki ne Kawai?

Tambaya: Malam Awudu, direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, ya rubuto yana cewa kullum sai sun kai ruwa rana da wani amininsa a kan 'yar majalisar nan Alexandria Ocasio-Cortez. Shi yana ganin ta tsaya wa talaka. Aminin kuwa cewa yake baki kawai gare ta, ba wata doka da ta kafa, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta ci babban zaɓe ba. Musun har ya kai su ga gaisuwar nesa-nesa bayan sallar Juma'a. Yana tambaya ko yaudararsa aka yi, kuma da me zai kare ta.

Amsa: Malam Awudu, Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya yaudare ka. Na lura abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya shi ne tsoron kada a wayi gari ka ga shekara da shekaru kana ɓaɓatu a kan banza. Duk wanda ya taɓa son ɗan siyasa da zuciya ɗaya ya san wannan fargabar, balle mu da aka sha yi wa alkawari a sha karyawa.

Kai da amininka kun cuɗa magana biyu wuri guda: abin da ta yi, da inda za ta iya kaiwa. Raba su tukuna.

A batun aiki, ga wanda ya taɓa mutanenmu kai tsaye. A shekarar 2020 unguwannin Corona da Elmhurst, da ke cikin mazaɓarta a lokacin, suna cikin wuraren da cutar korona ta fi yi wa ɓarna a duk Amurka. Ka san tsadar binne mamaci a can: kuɗin kabari daban, na gidan da ke ajiye gawa daban, na mota daban, har sai an zagaya da kwano a masallaci. Ita da Sanata Chuck Schumer suka matsa har hukumar ba da agajin gaggawa ta FEMA ta fara biyan kuɗin jana'izar waɗanda cutar ta kashe, daga 2021, har zuwa dala 9,000 a kan mamaci ɗaya. A lokacin, iyali kan kai takardar shaidar mutuwa da rasit, a mayar musu da abin da suka kashe. Wannan ba surutu ba ne. Haka kuma a watan Fabrairun 2021, da sanyi ya katse wuta a jihar Texas, ta tara wa mutanen can kusan dala miliyan 5, alhali ba su da ƙuri'ar da za su ba ta.

Sai dai amininka ma yana da tasa gaskiyar, kuma ka ba shi. Babban ƙudirinta na sauyin yanayi, Green New Deal, wanda ta gabatar tare da Sanata Ed Markey a 2019, bai zama doka ba. A shekarar ce kuma kamfanin Amazon ya fasa gina babban ofis a Queens bayan adawar da tana cikin masu yin ta. Kamfanin ya yi alkawarin ayyuka 25,000, a kan rangwamen haraji da tallafi na kusan dala biliyan 3. Ita tana ganin kuɗin jama'a ne za a miƙa wa attajiri. Wanda ke neman aiki kuwa yana da damar jin haushi, kuma har yau ana musu a kai.

Abin da zan ƙara shi ne majalisar wakilai mutum 435 ce, kuma doka takan fita ne da sunan shugabannin kwamiti. Sabon ɗan majalisa ƙarfinsa yana cikin matsa lamba da sa manya su motsa. A ganina nan ta fi ƙwarewa.

Batun zaɓe ne nake so ka yi taka-tsantsan. Gaskiya ne a 2018, ba da jimawa da barin aikin hidima a gidan abinci ba, ta kayar da Joe Crowley a zaɓen fid da gwani, mutumin da ya kusa shekara 20 yana ɗan majalisa, ta shiga majalisa tana 'yar shekara 29. Tun daga nan ba ta faɗi a mazaɓarta ba. Amma mazaɓar ta 'yan jam'iyyarta ta Democrat ce gaba da baya. A watan Disamban 2024 ta nemi jagorancin 'yan jam'iyyarta a kwamitin sa ido, 'yan uwanta suka zaɓi Gerry Connolly da ƙuri'a 131, ita 84. Ka ga ko a cikin gida ba kowa ne nata ba.

Mu mun ga irin wannan. A 1979 Malam Aminu Kano ya lashe Kano, jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, amma a zaɓen shugaban ƙasa na huɗu ya zo. Rashin kujerar bai shafe abin da ya yi wa talaka ba, kuma son da Kanawa ke yi masa bai ba shi ƙuri'ar Legas ba.

Saboda haka in ana maganar kujerar sanata ta New York, wadda Schumer ke kai kuma za a yi zaɓenta a 2028, kana da abin faɗa. Shugabancin ƙasa kuwa wata magana ce, domin jihohi irin su Pennsylvania da Michigan da Georgia ke yanke hukunci, kuma ba a taɓa gwada ta a can ba. Kada ka rantse a kan abin da bai zo ba.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba, amma na san yana zuciyar masu karatu da yawa. Tana goyon bayan 'yancin zubar da ciki da auren jinsi, ba ta kuma ɓoyewa. Kana iya yaba mata a kan kuɗin jana'iza ka saɓa mata a nan, ba sai ka ɗauki kayanta duka a kanka ba.

Shawarata, ranar Juma'a mai zuwa kai ka fara miƙa masa hannu. In hira ta dawo kanta, fara da abin da ya faɗa daidai, wato Amazon da ƙudirin da bai wuce ba, sannan ka kawo naka. Ka tambaye shi wane ɗan majalisa yake ganin ya fi ta aiki, ku duba yadda kowannensu ya kaɗa ƙuri'a a kan kuɗin haya da lafiya da baƙin haure, tunda majalisar tana wallafa wannan ga kowa. In kuma kun zama 'yan ƙasa, ku tabbata kun yi rajista a jam'iyya da wuri, domin a New York wanda bai yi ba ba ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani.