Motocin Jamus Da Hikimar Da Ke Cikinsu

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da wuya a sami wanda bai san Marsandi ba a cikinmu. In ta wuce sai a bi ta da kallo, a ce mai ita ya sami duniya. Amma kaɗan ne ke tambayar su wa suka ƙera ta, da kuma abin da ya sa ta yi suna haka. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka nake so in yi ɗan bayani a kan manyan motocin ƙasar Jamus, irin su Mercedes-Benz da BMW da Porsche da Audi, gwargwadon abin da na karanta da wanda malaminmu na kimiyya ya koya mana.

Da farko dai, a Jamus aka haifi motar fetur. A ran 29 ga Janairu 1886 wani injiniya mai suna Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a hannun hukuma. Gudunta bai wuce kilomita 16 a awa ba, kuma mutane ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Sai a 1888 matarsa Bertha ta ɗauki 'ya'yansu biyu a ciki, ta yi tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. A hanya ta sayi mai a kantin magani, kuma ta sa wani baduku ya liƙa wa birkin fata. A 1926 kamfanin Benz ya haɗu da na Gottlieb Daimler, aka sami Mercedes-Benz. Ita kuwa Mercedes, sunan 'yar wani attajiri ne, Emil Jellinek, mai sayen motocin Daimler yana sayarwa.

To, ina ƙarfin mota yake fitowa? Yana fitowa ne daga cikin silinda, inda fistan ke hawa da sauka. Aikin hawa huɗu ne, kamar yadda Nikolaus Otto, shi ma Bajamushe, ya tsara a 1876. Fistan zai sauka ya shaƙi iska da fetur. Sa'an nan ya hau ya matse su. Sai fulogi ya ba da wuta, su fashe, su tura fistan ƙasa da ƙarfi. Daga nan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. In inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, to kowace silinda tana fashewa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ku duba irin ƙarfen da zai jure wannan shekara da shekaru!

Duk wanda ke son ƙarin ƙarfi, dole ya san yadda zai cusa iska da mai daidai gwargwado. A nan Jamusawa suka nuna gwaninta. A 1954 Mercedes ta fito da wata mota mai suna 300 SL. Maimakon kafireto, famfo aka sa mata mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, har ta sami ƙarfin doki 215. Ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fikafikan tsuntsu. Ba don ado aka yi haka ba. Ƙashin jikinta na siraran bututun ƙarfe ne don ta yi sauƙin nauyi, kuma bututun sun tare gefenta, babu wurin sa ƙofa irin ta kullum. Wata dabarar kuma ita ce tarbo. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata da ke tura ƙarin iska cikin inji. Wato abin da ake zubarwa ya koma ƙarfi.

Kowane kamfani da irin tasa hanyar. Porsche 911, wadda aka fara nunawa a 1963, injinta a baya yake, kuma iska ce ke sanyaya shi, sai wajen 1998 aka koma ga ruwa. BMW ta birnin Miyunik da injin jirgin sama ta fara. Audi kuwa a 1980 ta fito da Quattro, mai ja da ƙafafu huɗu duka.

Akwai dalilin da ya sa suka dage haka. A Jamus akwai manyan hanyoyi da ake kira Autobahn, waɗanda a wasu sassansu doka ba ta ƙayyade gudu ba, sai dai shawarar kada a wuce kilomita 130. Da yawa daga cikin motocin nan an ɗaure su kada su wuce kilomita 250 a awa. Na yi lissafi, na ga mota mai wannan gudu tana cin kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya, ke nan za ta ƙetare filin ƙwallonmu kafin daƙiƙa biyu. Kuma mun koya a aji cewa in aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya zai ninku sau huɗu.

Don haka ni a ganina babbar hikimarsu tana wajen tsayawa da kare rai. Wani injiniyan Mercedes, Béla Barényi, ya lura cewa in jikin mota ya cika tauri, mutanen ciki ne ke shan bugun. Sai ya tsara gaba da baya su riƙa lanƙwashewa suna shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuwa ya tsaya da ƙwarinsa. An fara sayar da irin wannan a 1959. A 1978 kuma, tare da kamfanin Bosch, suka kawo birkin ABS, wanda ke kamawa yana saki sau da yawa a daƙiƙa ɗaya don kada taya ta kafe, direba ya kasa juya sitiyari. Duk da haka, motar da aka yi don Autobahn ba ta san rami ko garken shanu a kan hanya ba. Sauri ya haifi nawa.

Daga ƙarshe, ga abin da ya fi damuna. Da yawa cikinmu muna burin shiga Marsandi, amma muna gudun lissafi da zanen injiniya, muna kuma raina bakanike don rigarsa ta yi baƙin mai. A Jamus matasa masu yawa kan raba lokacinsu tsakanin makaranta da masana'anta, suna koyon sana'a wajen shekara uku, kuma a ƙarshe a ba su takardar shaida mai daraja. Irin waɗannan hannuwa ne ke ƙera motocin da muke bi da kallo. Ina roƙon iyayenmu, in yaro ya nuna sha'awar aikin hannu, a ƙarfafa masa gwiwa. Mu kuma 'yan makaranta mu riƙe littafi da sifana gaba ɗaya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.