Yadda Ake Goge Allon Kwamfuta Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai da tsohuwar talabijin mai ƙeya, fuskarsu gilashi ce mai kauri. Ko da bakin riga ka goge, ba abin da zai same ta. Mutane da yawa da wannan sabon suka zo wa allunan zamani masu faɗi, irin su LCD da LED da OLED, kuma shi ne yake lalata allunan. Yawancin waɗannan alluna, abin da hannunka yake taɓawa wata siririyar fatar roba ce da aka shafa wa sinadarin hana ƙyalli. A allon LCD, ƙarƙashin fatar akwai gilasai biyu sirara da wani ruwa na musamman a tsakaninsu, shi ya sa idan ka danna da yatsa za ka ga launin wurin ya watsu. In fatar nan ta karce ko ta ɓare, babu gyara sai canjin allon, kuma sau da yawa kuɗin canjin yakan kusan kamo kuɗin sabo.

Kayan da za ka tanada

Ƙyalle biyu na maikurofaiba, irin mai laushin nan da ake haɗowa da tabarau, sai dai ka nemi wanda ya fi shi girma. Da zaren foliyesta da nailan ake saƙa shi, zaren da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, saboda haka yana kama ƙura da maiƙo ya riƙe su, maimakon ya yi ta tura su gaba. Ɗaya na jiƙawa ne, ɗaya na busarwa. Tishu da takardar jarida da tawul da tsumman kicin duk ka ajiye su gefe. Takarda daga itace aka yi ta, kuma tana barin ƙananan karce da ba za ka gani ba sai ranar da haske ya bugi allon.

Sai ruwan gogewa. Akwai waɗanda aka haɗa musamman domin allo, irin su Whoosh da iKlear, waɗanda babu amoniya ko alkohol a cikinsu. Ba lallai sai su ba. Abin da nake so ka yi shi ne ka juya kwalbar ka karanta bayanta kafin ka biya. In ba a rubuta abin da ke ciki ba, ko ka buɗe wani wari mai hawa kai ya bugi hancinka, mayar wa mai shago kayansa. Kwalba marar bayani ba ta cancanci ta kusanci allon da ka zuba kuɗi ka saya ba.

In ba ka samu ba, tataccen ruwa ya wadatar, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata. A nan sai ka yi hattara sosai, domin wurin masu batir akwai kuma ruwan asid, kuma a ido duk ɗaya suke. Ka saya a rufe, da rubutu a jiki, ko ka nema a kemis. Ruwan rijiya da na burtsatse da fiyawota suna da gishiri-gishiri a narke, in sun bushe sai su bar farin tabo.

Abubuwan da ba sa taɓa allo sam: ruwan goge tagogi, sinadarin cire jan farce, tina, fetur, kananzir, turare, sanitaiza, ruwan omo. Batun alkohol kuwa kamfanoni sun bambanta. Dell ya hana shi a littattafan allunansa, tare da amoniya da tina. Apple kuma tun 2020 ya yarda a goge fuskar kayansa a hankali da alkohol na aisofurofil mai kashi 70 cikin 100. Don haka kada ka ɗauki hukuncin wani allo ka ɗora wa naka. Duba littafin da ya zo da shi, in kuma ba ka da shi, bar alkohol.

Aikin kansa

Kashe allon, ka zare shi daga soket, ka bar shi ya huce kamar minti goma sha biyar. Baƙin allo ya fi nuna datti, kuma allo mai ɗumi yana busar da ruwa kafin ka gama, ya bar maka layi-layi. Kashe fanka, rufe taga, don kada iska ta kawo ƙura kan allon.

Daga nan sai cire ƙura, kuma wannan matakin ne aka fi tsallakewa alhali ya fi kowanne muhimmanci, musamman gare mu da hunturu yake lulluɓe komai da ƙurar Sahara. A cikin ƙura akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri, balle roba. In ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kansu ka murza, kamar ka sa sanfefa ne ka goge allonka. Ka fara hure ta da 'yar robar nan mai hura iska da masu ɗaukar hoto suke tsabtace kyamara da ita. Kada ka hura da baki, yawu zai biyo. Sannan ka ninke busasshen ƙyalle gida huɗu, ka shafa daga sama zuwa ƙasa, shafa kawai, nauyin ƙyallen ya isa. Duk shafa biyu ko uku ka juya zuwa ɓangare mai tsabta. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa, ba sai an kai ga ruwa ba.

In akwai sauran shatin yatsu ko maiƙo, ka ɗauko ruwan gogewar ka fesa a jikin ƙyalle, sau ɗaya ko biyu, kana juya wa allon baya. Kada ka taɓa fesawa kai tsaye a kan allo. Ruwan yakan gangara ya shige ta ƙasan firam, inda a alluna da yawa ake manne siraran wayoyin da ke kai hoto. Ba lallai ka ga illar a ranar ba. Bayan kwanaki sai wani layi kore ko ja ya tsaya daga sama har ƙasa, ya ƙi tafiya. Ƙyallen ya yi danshi kawai, yadda ko ka matse shi ba zai ɗiga ba.

In karon farko ne da kake amfani da wannan ruwan, gwada a wata kusurwa ta ƙasa, ka jira ya bushe ka duba. Sannan ka goge daga wannan gefe zuwa wancan, layi bayan layi, kana saukowa. Ɗaya hannun ya tallafi bayan allon, musamman na laftof, don kada ya lanƙwashe. Kafin danshin ya bushe da kansa, bi shi da busasshen ƙyallen.

Tabo mai taurin kai, kamar kashin ƙuda ko ɗigon shayi ko abin da atishawa ta bari, shi ne yake jarabtar mutum ya sa farce. Kar ka yi. Ɗora ɓangaren ƙyallen mai danshi a kansa, ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi har ya yi laushi, sannan ka zagaya a hankali. In bai fita ba, maimaita. Gara ka koma masa sau biyar da sauƙi da ka danna sau ɗaya da ƙarfi, domin dannawa tana iya barin wani duhu ko fari a cikin allon da babu ƙyallen da zai cire shi.

Firam da ƙafar allon ka goge su da wani ƙyalle dabam, don sun fi tara yashi. Jira komai ya bushe sarai kafin ka mayar da wuta. Mai laftof ya goge madannai shi ma, in ba haka ba da ya rufe maiƙonsu zai koma kan allon.

Ƙyallen ma yana son kulawa. Wanke shi shi kaɗai da ruwan ɗumi da ɗan sabulu kaɗan, ban da bilic da ruwan tausasa tufafi, ka ɗauraye sosai, ka shanya a ɗaki. In ya bushe ka sa shi a leda ka ɗaure. Wanda ya faɗi ƙasa ba ya komawa kan allo sai an wanke shi.

A lokacin hunturu, kaɗe ƙura sau biyu ko uku a mako ya isa, kuma ka riƙa rufe allon da wani yadi mai laushi in ka tashi aiki. Gogewa da ruwa sai in akwai dalili. In kuwa ka ga wani ɗigo da ka goge bai motsa ba, ka kunna allon ka duba da kyau. Idan yana nan a wuri ɗaya, baƙi ko mai launi, to daga ciki yake: ko ƙwayar hoto ce ta mutu, ko ƙura ta shiga cikin allon. Daina gogewa, ka nemo rasit ɗinka ka duba ko garanti bai ƙare ba.