An Ɓata Maka Suna a WhatsApp? Ga Inda Za Ka Fara

A gari irin Icirnawa, inda kowa ya san kakan kowa, suna shi ne jarin talaka. Da shi ake ba manomi bashin taki kafin damina, da shi dillali ke karɓar kaya a kasuwar Matamaye ba tare da takarda ba, da shi kuma ake nema wa 'ya miji. Yau saƙon murya guda a rukunin WhatsApp na unguwa ya isa ya zubar da shi kafin la'asar, har 'yan ci-rani a Kano da Aljeriya su ji.

Fara da tantance abin da aka yi maka. In an ce maka "ɗan iska", zagi ne. In aka ce "wane ya cinye kuɗin ginin masallaci", ko "wance ba aikatau ta je yi Aljeriya ba", an jingina maka wani aiki takamaimai da zai zubar da mutuncinka, kuma wannan ne doka ke ɗauka a matsayin ɓata suna. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ta hukunta duka biyun. A 2022 an cire ɗauri, amma a Yunin 2024 shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Ba wasa ake da dokar ba. A kan rubutun Facebook aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 kafin kotu ta wanke ta.

Kada ka rama. Ran mutum ya fi ɓaci a daren farko, kuma saƙon da ka yi cikin fushi zai iya mai da kai wanda ake ƙara. Adana muryar, ka ɗauki hoton allon wayar da lambar mai saƙon da ranar, tun bai goge ba. Ka sami mutum biyu daga cikin rukunin da za su yarda su ce sun ji.

Sannan ka je wajen mai gari. A ganina nan ne maganin yake, domin sarakunan gargajiya suna da ikon sasanci, kuma wanda ya yi maka ƙazafi watakila surukin ƙaninka ne. Gobe a jana'iza ɗaya za ku tsaya. Sai dai kada ka yarda da "a yi haƙuri" cikin zaure kawai. Ka nemi ya janye maganar da bakinsa, a rukunin da ya faɗe ta, ya ambaci sunanka. Ban haƙuri a gaban dattawa biyar bai kai kunnen mutum ɗari biyu da suka ji ƙaryar ba.

In zargin na zina ne, a kira liman. Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu, ta yanke bulala 80 ga wanda ya kasa kawo su. Nijar ba ta zartar da haddi, amma tunatarwar kan sanyaya gwiwar masu tura saƙon gaba.

In mai ƙazafin ya ƙi janyewa, kai ƙara wajen jandarma da wayarka da shaidunka, kuma kada ka bari magana ta tsufa.