Darasi na 17: Gefe da Kusurwa

Yara, ku ɗauko allonku na rubutu, ku dube shi da kyau. Gefe nawa gare shi? Huɗu. Kusurwa nawa? Huɗu. Kowace kusurwa digiri 90 ce. Idan kun tara su, za ku sami digiri 360.

Yanzu ku tuna da filin ƙwallo na Roumdé Adjia a Garwa, inda Najeriya da Masar suka kara a watan Janairu na 2022. Tsawon filin ya fi mita 100, allonku kuwa bai kai kamu ɗaya ba. Amma shi ma filin kusurwa huɗu gare shi, kowace digiri 90. Jimlarsu 360 ce, daidai da ta allonku. Ashe tsawon gefe ba ya ƙara wa jimlar kusurwoyi komai.

Bari mu gwada da siffa mai gefe uku, wato alwatika. Kowa ya yanko alwatika daga takarda. Wani ya yanko babba, wani ƙarama, wani doguwa siririya. Ku yage kusurwoyin nan uku, ku jera su kusa da juna, bakinsu ya haɗu a wuri ɗaya. Me kuka gani? Sun yi miƙaƙƙen layi. Miƙaƙƙen layi digiri 180 ne. Ku leƙa ta maƙwabcinku, za ku ga haka take. Mai shakka ya auna da ma'aunin kusurwa, wanda ake kira rapporteur da Faransanci.

A nan ne yara da yawa suke ruɗewa. Idan aka ja gefe ɗaya ya ƙara tsawo, wata kusurwa takan buɗe, wata ta tsuke. Amma abin da wannan ta samu, shi sauran suka rasa. Jimla tana nan a 180.

To, mene ne yake canza jimlar? Yawan gefe ne.

Ku zana tauraro irin na tutar Kamaru da layi biyar, ba tare da kun ɗaga alli ba. A tsakiyarsa za ku ga siffa mai gefe biyar. Ku sake zana ta babba. Daga kusurwa ɗaya, ku ja layi zuwa kusurwoyin da ke fuskantar ta. Layi biyu ne kawai za su yiwu, domin kusurwoyi biyu na kusa da ita gefe ya riga ya haɗa su. Siffar ta rabu gida uku, kowane gida alwatika ne. 180 sau 3 ya ba da 540. Allonku kuwa layi ɗaya ne yake raba shi biyu: 180 sau 2, 360 ke nan.

Ga hanyar: a cire 2 daga yawan gefe, abin da ya rage a ninka shi da 180.

Kun taɓa ganin saƙar zuma? Kowane ɗaki a cikinta gefe shida gare shi. A cire 2, saura 4. 180 sau 4 ya zama 720. Idan kusurwoyin shida daidai suke, kowace ta sami 120. Uku suna haɗuwa a wuri ɗaya su cika 360, shi ya sa ba a ganin giɓi tsakanin ɗakunan.

Magini a Mora yana amfani da wannan lissafi idan zai fitar da harsashin ɗaki. Yakan kafa turaku huɗu, ya ja igiya. Idan kusurwa uku sun tsaya a 90, sun ci 270, dole ta huɗu ta zama 90. Idan ya auna ya ga ba haka ba, to akwai kuskure a awon farko. Sai ya gyara tun kafin a ɗora bulo, don kada bango ya karkace.

Tambayoyi

1. Kusurwa biyu na wata alwatika su ne 70 da 50. Ta uku digiri nawa ce?
2. Allon STOP na bakin titi gefe takwas gare shi. Nemo jimlar kusurwoyinsa.
3. Jimlar kusurwoyin wata siffa 900 ce. Gefe nawa gare ta?