Babi na Tara: Tsara Hanya da Abin Hawa Don Ziyarar Ilimi Zuwa Jamhuriyar Nijar

9.0 Gabatarwa

Ziyarar gani da ido tana ɗaya daga cikin dabarun koyar da harshe da al'ada. Ɗalibin da ya karanta bayanin karin harshen Arewa a littafi, in ya ji shi a bakin masu shi a kasuwar Dogon Dutsi, ba zai sake mantawa ba. Kwalejojin da ke Argungu da Birnin Kebbi sun yi dace, domin iyakar Nijar tana kusa da su. Sai dai kusanci kan sa sakaci. Malamin da ya fita da 'ya'yan mutane zuwa wata ƙasa amana ya ɗauka, kuma ita ce za a tambaye shi kafin a tambaye shi abin da aka koyo. Wannan babi zai nuna yadda ake tsara hanya da abin hawa na ziyarar kwana biyar.

9.1 Manufa Kafin Hanya

Ba a soma shiri da tambayar kuɗin mota. Ana somawa ne da tambayar abin da za a je nema, sannan a zaɓi garuruwan da ke da shi. Ga ɗaliban Hausa, garuruwa huɗu sun wadatar:

(a) Gaya, a bakin kogin Kwara, inda Hausa ke cuɗanya da Dandanci kamar yadda abin yake a Kamba.
(b) Doso, mazaunin fadar Zarmakoi, inda za a ga matsayin Hausa a tsakanin Zabarmawa.
(c) Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, da Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Boubou Hama, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka.
(d) Dogon Dutsi, cibiyar ƙasar Arewa, wadda a yankinta ne ƙauyen Lugu yake, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa a 1899.

Duk garin da ba a iya faɗar dalilin zuwansa a jimla ɗaya ba, sai a cire shi daga tsari.

9.2 Jeranta Garuruwa

Ƙa'idar ita ce a yi zobe, wato a fita ta wata ƙofa a dawo ta wata, don kada a ɓata kwana ana maimaita hanya. Ayarin Argungu zai bi ta Kangiwa zuwa Kamba, na Birnin Kebbi kuwa ta Kalgo da Bunza. Ga misalin jadawali:

Rana ta 1: Argungu zuwa Kamba, a tsallaka iyaka, a kwana Gaya.
Rana ta 2: Gaya zuwa Doso, kimanin kilomita 150, a yada zango, sannan a ƙarasa Yamai, kimanin kilomita 140.
Rana ta 3: Yini cikakke a Yamai.
Rana ta 4: Yamai zuwa Dogon Dutsi ta Doso, kimanin kilomita 275.
Rana ta 5: Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙwanni, a shigo ta Illela, a biyo ta Sakkwato zuwa gida.

Za a lura cewa tafiyar ranar farko ita ce mafi gajarta, kuma da gangan ne. Iyaka ba da kilomita ake auna ta ba. Duba takardun mutum talatin, ɗaya bayan ɗaya, a ɓangarori biyu, na iya cinye rabin yini. Malamin da ya ƙudurta kwana Yamai tun ranar farko, zai tsinci kansa a kan hanya cikin dare, abin da bai kamata ayarin ɗalibai ya yi ba. Rana ta biyar ce mafi nauyi, saboda ta haɗa nisa da iyaka, don haka ana yin sammako bayan sallar Asuba.

9.3 Zaɓen Abin Hawa

Hanyoyi biyu ne a gaban malami. Ta farko ita ce motar kwaleji ko ta shata, wadda ke tare da ayari daga fita har dawowa. Amfaninta shi ne ɗalibai ba sa rarrabuwa, kuma ana tsayawa inda ake so. Nauyinta kuwa takardu ne: lasin direba, takardun mota, inshorar da ke aiki a ƙasar da za a shiga, da izinin shigar da mota na ɗan lokaci daga jami'an kwastan, waɗanda mutanen Nijar ke kira duwan.

Ta biyu ita ce motocin haya, daga tasha zuwa tasha. Ƙananan motoci ba sa tashi sai sun cika, ga shi ba sa ɗaukar ayari a lokaci ɗaya. A tsakanin manyan garuruwan Nijar akwai kamfanonin bas irin su Rimbo, masu sayar da tikiti da ƙayyade lokacin tashi. Idan ayari bai wuce mutum goma ba, wannan hanya ta fi sauƙin kuɗi, amma a yanki tikiti tun jajibere.

9.4 Takardu da Halin Iyaka

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Duk da haka, dole kowane ɗalibi ya riƙe fasfo, da katin allurar rigakafin shawara. Malami kuma ya riƙe wasiƙar kwaleji da jerin sunaye, an juya su zuwa Faransanci.

Tarihin kwanan nan ya nuna cewa iyaka ba a yi mata alkawari. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agusta 2019. Aka buɗe Illela a Disamba 2020, amma Kamba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Sannan ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a 29 ga Janairu 2025. Ga kuma matsalar tsaro a yankunan iyaka, kamar harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024. Saboda haka, mako guda kafin tashi, malami ya je ofishin Hukumar Shige da Fice a Birnin Kebbi ya ji halin da ake ciki, ya kuma nemi shawarar jami'an tsaro. In suka ce a dakata, sai a dakata. Ɗage tafiya ba asara ba ce.

9.5 Kuɗi da Lokaci

A Nijar da sefa ake ciniki, kuma ƙidayarta darasi ce a kanta. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. A koya wa ɗalibai wannan tun a aji, kada a cuce su ko su zargi wanda bai cuce su ba. A ware kashi ɗaya cikin goma na kasafi don ko-ta-kwana. Lokacin hunturu ya fi dacewa da tafiyar, domin bazara akwai tsananin zafi, damina kuma ruwa kan yanke hanya.

9.6 Kammalawa

An ga cewa manufa ce ke zaɓen garuruwa, garuruwa su fitar da hanya, yawan ayari ya zaɓi mota, halin iyaka da tsaro kuma su yanke hukuncin tashi ko zama. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, malamin Hausa na da ƙarin dalilin sanin wannan hanya.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka taƙaita tafiyar ranar farko?
2. Kwatanta motar shata da motocin haya ga ayarin mutum 25.
3. Tsara jadawalin da za a bi idan iyakar Kamba tana rufe, ta Illela kuma tana buɗe.