MOTA MAI CANJA GIYA DA KANTA: YADDA AKE GANE CIWONTA

Shekara da shekaru, tsofaffin motocin Turai da Amurka da aka sauke tashar jirgin ruwa ta Kwatano sun riƙa biyowa ta Paraku da Malanbil, su haye gadar Gaya. Da yawa cikinsu otomatik ne, wato masu canja giya da kansu. Wasu sun faɗo hannun mutanen Karakara da ƙauyukan kewaye. Su ke kai rake da rogo kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. In irin wannan mota ta kwanta, kuɗin noman shekara da shekaru ne suka kwanta. Saboda haka ya kamata mai mota da direba su san alamun ciwonta tun da wuri.

1. Mece ce mota otomatik?

Mota ta hannu tana da abin takawa uku: kuloci, birki da totur. Otomatik biyu gare ta: birki da totur. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara fito da irinta da yawa a shekara ta 1939. Kusa da hannun giya akwai haruffa huɗu. Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana iya karanta su:

P: ajiye mota.
R: komawa baya.
N: babu giya.
D: tafiya gaba.

Cikin akwatin giya, wanda wasu ke kira bwat, wasu giyabos, akwai wani jan mai. Shi ne jinin akwatin. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa ƙafafu, shi ke tura giya ta shiga, shi ke sanyaya ƙarafa. Don haka bincike daga mai yake farawa.

2. Yadda ake duba mai

A yi tafiya kamar ta minti 15 don mai ya yi zafi. A tsaya wuri mai lebur. A ja birkin hannu. A taka birki, a bi da hannun giya kan kowane harafi, a maido shi kan P. Ga yawancin motoci ana barin inji yana aiki. Ga Honda kuwa sai an kashe shi. A zaro sandar awon man giya, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu na wajen da aka rubuta HOT, wato zafi. Wasu motoci ba su da wannan sanda, sai makaniki ya duba ta ƙasa.

Sa'an nan a ɗiga man bisa farar takarda, a duba, a sansana:

Ja mai haske: lafiya lau.
Ruwan ƙasa: ya tsufa, a canja.
Baƙi mai ƙauri: farantan ciki sun fara ƙonewa.
Fari-fari kamar an dama shi da nono: ruwa ya shiga, ko daga lagireto ko wajen ƙetare gulbi da damina. Kada a ƙara tada motar.
Mai kumfa: an cika shi ya wuce zane, ko kuwa ya yi ƙasa har iska na shiga.

3. Alamu biyar da ma'anarsu

Na ɗaya: an sa D ko R, mota ta daɗe ba ta kama ba. Sau da yawa mai ne ya rage, ko matatar mai ta toshe. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da dare. In da safe an ga jan ɗigo, akwai yoyo.

Na biyu: inji na kuka, mota ba ta gudu. Giya ce ke suɓucewa. In mai ya cika kuma yana ƙauri, farantai sun cinye. Wannan aikin makaniki ne.

Na uku: giya na shiga da bugu, mota ta zabura. Ko mai ya tsufa, ko an zuba wanda ba nata ba, ko robar da ke riƙe inji ta tsinke.

Na huɗu: mota ta maƙale kan giya ɗaya, wata fitila ta kama gaban direba. Ƙwaƙwalwar motar ce ta ga matsala, ta hana canji don kada ɓarna ta ƙaru. Sau da yawa waya ce ko wani ɗan abin lantarki. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu shan fetur tun daga 2001, suna da wata kafa ƙarƙashin sitiyari. Makaniki yana jona na'ura nan, ta nuna wurin ciwo. A nemi wannan awo kafin a yarda a kwance akwati.

Na biyar: an murɗa makulli, shiru, alhali batir da ƙarfinsa. Otomatik ba ta tashi sai kan P ko N. A taka birki, a gwada kan N. In ta tashi, ɗan makunnin hannun giya ne ya gaji. Gyaransa ba shi da tsadar akwati.

4. Abubuwan da ke kashe akwatin giya

Zafi shi ne babban abokin gaba. Lodin da ya wuce kima da ranar bazara suna dafa mai. In mota ta kafe cikin rairayi, kada a yi ta jefa ta D da R ƙafafu na juyawa. A sauke kaya, a tone, a sa itace.

Kada a sa R ko P sai mota ta tsaya cik.

Kada a zuba baƙin man inji, ko man giyar motar hannu. A karanta sunan da ke bisa sandar awo ko littafin mota, kamar Dexron ko T-IV, a sayi mai wannan suna cikin galan rufaffe.

Otomatik ba ta tashi da turi. Kuma in inji a kashe yake, famfon mai ba ya aiki. Jan ta da igiya daga Karakara har Gaya ko Doso yana iya ƙone akwati mai lafiya. Gara a ɗora ta bisa babbar mota.

Mai niyyar sayen tsohuwar mota ya duba mai, ya sansana, ya tuƙa ta har ta yi zafi kafin ya ƙirga kuɗi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Mece ce ma'anar P, R, N da D?
2. Man giya ya yi fari kamar nono. Me ya faru?
3. Don me ba a jan otomatik da igiya zuwa nesa?
4. Mota ta kafe cikin rairayi. Me direba zai yi?