Darasi: Fasahar Bulokcen da Cajin Motoci Masu Aiki da Lantarki

Wutar lantarki haja ce mai wuyar sha'ani, domin ba a jibge ta a sito kamar gero ko taki. Abin da aka samar tilas ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, in kuwa ma'aunin ya karkata ainun, sai babban layin ƙasa ya durƙushe. Masu masana'antu a Nijeriya ba su buƙatar ƙarin bayani a kan wannan. Wahalar takan ƙaru idan ƙasa ta dogara da iska da hasken rana, waɗanda ba su fid da hayaƙi, amma kuma ba su jiran umarnin kowa.

Kamfanin TenneT, mai kula da manyan layukan wuta a Holan da wani babban sashe na Jamus, ya nemi mafita a wurin masu motoci. A shekarar 1917 babu wanda zai yi wannan tunani, amma a 2017 ya ƙulla gwaji da kamfanin Vandebron na Holan, inda ake dakatar da cajin motocin da suka shiga tsarin idan wuta ta yi ƙaranci, a ci gaba idan ta wadata, a kuma saka wa masu su. Mota ɗaya ba ta tsinana komai, amma dubbai a haɗe suna iya yin aikin da ake kunna tashar gas dominsa.

To, wa zai riƙe lissafin wannan ɗimbin ƙananan ciniki har kowa ya gamsu? A nan bulokcen ya shigo. Kundi ne na kwamfuta wanda kowane abokin hulɗa ke riƙe da kwafensa, kowane shafi kuma a sarƙe yake da wanda ya gabace shi, ta yadda mutum ɗaya ba zai iya sauya adadi ba tare da asirinsa ya tonu ba. Kamfanin IBM ne ya gina kundin gwajin. A 2020 TenneT ya haɗa gwiwa da Swissgrid na Suwizalan da Terna na Italiya suka kafa Equigy domin faɗaɗa aikin.

Wani zai ce ai Bitcoin shi kansa wuta yake lanƙwamewa. Gaskiya ne, sai dai kundin TenneT rufaffe ne, na sanannun mahalarta, ba ya buƙatar gasar kwamfutoci irin ta Bitcoin.

Raunin fasahar a wani wuri yake. Kundin ba ya ganin wuta, abin da mita ta faɗa masa kawai yake rubutawa, ko gaskiya ko ƙarya. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohin Nijeriya ikon tsara kasuwar wutarsu, alhali miliyoyin masu shan wuta ba su da mita, ƙiyasi ake yi masu. Saboda haka ɗan kasuwar da aka tallata wa bulokcen a harkar wutar rana ko tashar caji, ya fara tambayar irin mitar da za a ɗaura da hukumar da ta tantance ta, kafin a zo batun jari.